Taswirar da Ta Kori Shan Inna, a Kawo Ta Asibitocin Bakori

 

Adadin mutanen Ƙaramar Hukumar Bakori da ke rubuce a hukumance har yau na ƙidayar 2006 ne, wato 149,371. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Abin da ya rage wa ma'aikacin lafiya shi ne ya ɗauki tsohon adadin, ya ɗora masa kason ƙaruwa na kowace shekara, ya raba wa mazaɓu 11, sannan ya ce ga yaran Tsiga, ga na Kabomo, ga na Kakumi. Jaririn da aka haifa a shekarar ƙidayar nan yau ya isa aure. Lissafin bai san ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa ba, bai kuma san unguwar da mutanensa suka koma suka tare ba.

Alhali maganin matsalar an riga an gwada shi a ƙasar nan, ya kuma ci. A 2012 shan inna ta kama yara 122 a Najeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, Katsina kuma tana sahun gaba. A lokacin masu ɗiga rigakafi da taswirar biro suke fita: ga masallaci, ga kasuwa, ga gidan mai gari. Rugar Fulani da gidan gona da ke bayan rafi babu su a ciki. Wani ƙauyen ma yana kan iyakar mazaɓu biyu, kowace tawaga tana zaton na ɗayar ne, a gama zagaye babu wanda ya leƙa shi.

Daga wannan shekara aka sauya salo. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na jihohin Arewa, aka fitar da duk inda rufin ɗaki ya bayyana, aka tura mutane da GPS su tabbatar da wurin, su tambayi sunansa. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka riƙe aikin, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Aka ba tawagogi waya mai naɗar inda suke duk bayan minti biyu. Da yamma a sauke sawunsu a kwamfuta, a ɗora kan taswira, sai unguwar da ba a taka ba ta fito fili, a koma mata tun ba a rufe zagayen ba. Nan gardamar "mun je" da "ba ku je ba" ta ƙare. Sarakuna da malamai da matan da ke shiga gida-gida sun yi nasu ƙoƙarin, babu mai musu, amma taswirar ce ta nuna musu ƙofar da ta rage. A 2016 aka ga kamun ƙarshe na asalin ƙwayar cutar, a Barno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ita. Daga baya shirin GRID3 ya zuba bayanan matsugunai da asibitoci da makarantu a intanet, kyauta.

To, ƙorafin da mai wannan lacca ya daɗe yana yi wa abokan aiki ke nan: me ya sa ilimin da aka tara da ƙafafun 'ya'yan ƙauye zai tsaya a kwamfutocin Abuja da Katsina? A 2021 amai da gudawa ta ratsa Jihar Katsina, Funtuwa na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Ma'aikacin da ke da taswirar rijiyoyi da gidajen da aka kwaso marasa lafiya, cikin kwana biyu zai gane ruwan da za a zuba wa kulorin. Haka rabon maganin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda shi ma gida-gida ake bi.

Masu cewa taswira za ta zame wa ɓarayin daji jagora, su tuna cewa waɗannan mutane sun fi tauraron sanin hanya. Sunayen marasa lafiya ne abin ɓoyewa, a ɓoye su. Masu kukan rashin sabis suna da gaskiya, domin a Satumban 2021 an katse layukan waya a Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Amsarsu ita ce takarda.

A buga taswirar kowace mazaɓa babba, a manna a bangon asibitinta. Dagatai da masu unguwanni su zauna da kwamitin raya mazaɓa su gyara sunaye, su sa kowace rijiya da fanfon burtsatse, mai aiki da wanda ya mutu, da mashigin da ke yanke hanya in ruwa ya sauka. A sabunta ta duk bayan kaka. Ɗaliban labarin ƙasa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa su riƙa shigar da gyaran a taswirar intanet ta OpenStreetMap, a lissafa musu shi cikin aikin karatu. Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, kansiloli, a sa kuɗin buga taswirorin nan 11 a kasafin bana, kafin damina ta faɗi.