Farfelar Gora: Wasan Yara, Alamar Gida

Jawabin da wata malama mai kula da dandalin yara ta yi wa iyaye a sansanin Minawao



Kowa a nan ya san yadda ɗakunanmu suka yi kama da juna. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 zai bi yayarsa famfo, ya juyo ya rasa ƙofar gidansu, ya tsaya yana kuka. Yaran nan sun riga sun ga tashin hankali a hanyar gudu, ɓatan rabin sa'a ma ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsu. Shi ya sa na zo muku da ƙaramar dabara: kowane gida ya kafa farfelar gora mai kalarsa, wadda iska za ta riƙa juyawa, yaro ya hango ta daga nesa ya ce, "Ga gidanmu can."

Kayan aikin duk muna da su: gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, murfi biyu, almakashi, ƙusa, waya mai ƙarfi kamar tsinken ƙafar keke, doguwar sanda, da ƙyallen atamfa.

A wanke gorar, a cire takardar jikinta, a yanke gindinta. Sai a tsaga jikinta daga ƙasa zuwa kafaɗa gida 6 ko 8, faɗinsu ɗaya. A buɗe kowane reshe waje, a karkata shi kaɗan, duka su karkata gefe guda. Nan ne sirrin yake: in wasu sun kalli dama wasu hagu, iska ba za ta juya ta ba. A ɗora ƙusa a wuta a huda tsakiyar murafen biyu, ramin ya ɗan fi wayar faɗi. A mayar da murfi ɗaya bakin gorar, a zura wayar, a sa ɗayan a baya don kada ta gogi sanda, a lanƙwasa bakin wayar, a ɗaure ɗaya ƙarshen a kan sandar. Ƙyallen kuma a ɗaura shi ƙasa da farfelar.

Yanka da huda aikin manya ne. Wanki, zaɓen kala da ɗaurin ƙyalle na yara ne. Ku bar yaro ya zaɓa da kansa, abin da ya zaɓa shi zai tuna.

Don Allah a kiyaye abu uku. Kada a taɓa gorar da aka zuba fetur ko maganin feshi. Kada a tura yara tsintar gora a daji ko bayan sansani. Abin da ba su san shi ba, kada su ɗauka, su zo su faɗa wa babba. Guntayen roba kuma kada a jefa su a murhu, hayaƙinsu na cutar da ƙirji, kada kuma a bar wa awaki su ci.

Hunturu ya kusa, iska ba za ta yi mana rowa ba. In guguwar farkon damina ta taso, a sauke farfelar a ajiye.

Wanda ba shi da almakashi ya zo dandalin yara mu yanka tare, ya taho da yaronsa da gorarsa. Allah ya raya mana su, ya mayar da mu gida lafiya.