HUKUNCIN MAI TAƁIN HANKALI A GABAN ALƘALI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW). Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa na Tambuwal da Kebbe, wa zai ce bai taɓa ganin mai taɓin hankali ya ɗauki abinci a kasuwa ko ya jefi motar wani, aka lakaɗa masa duka, aka kai shi ga 'yan sanda ba? Sau da yawa kotu ta tura shi gidan yari, ya daɗe yana jiran shari'a a kan laifin da bai kai ya kawo ba, ciwonsa na ƙaruwa.

Ku sani cewa hankali shi ne sharaɗin taklifi. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya mahaukaci cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami. Yayin da Ma'izu ya yi iƙirarin zina, Annabi (SAW) ya fara bincikar lafiyar hankalinsa kafin hukunci. Sayyidina Umar ma ya janye haddi daga wata mahaukaciya bayan Sayyidina Ali ya tunatar da shi. Amma haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna bai faɗi ba: malaman Malikiyya sun ce a biya shi daga dukiyar marar lafiyar.

Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Sashe na 51 na dokar Penal Code ya ce abin da mutum ya aikata alhali ciwon hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ba laifi ba ne. Alƙali na da ikon dakatar da shari'a, ya sa likita ya duba wanda ake tuhuma. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga kuma asibitin gwamnatin tarayya a Kware. Magabata sun riga mu: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu wannan ciwo.

Saboda haka muna kira ga alƙalanmu su nemi rahoton likita kafin su tsare irin wannan mutum, su umurci a kai shi magani. Dangi su halarci kotu da takardun asibiti, su karɓi belinsa, su biya abin da ya lalata. Kware na da nisa daga Kebbe, sai an ratsa birnin Sakkwato, don haka mawadata su taimaka da kuɗin mota da na magani. Mu kuma daina sanya su a mari ko kai su ga bokaye, domin ba a sauke haƙƙin marar lafiya da zalunci ko da shirka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mana hankulanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.