Zaƙin Baki Da Lafiyar Jiki: Darasi Daga Zaman Amurkawa

Wannan shi ne jawabin da aka shirya domin a karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, a filin kiwon lafiya na wannan wata.

Duk wanda ya ji an ambaci Amurka, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne arziki: dogayen benaye, manyan tituna, motoci da abinci har ya yi yawa. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata cuta da wadatar ta jawo wa mutanen ƙasar, wadda ya kamata mutumin karkara ya san labarinta tun kafin ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

A shekarar 1900, kusan mutum 4 cikin kowane ma'aikata 10 na Amurka aikin gona suke yi. Yau manoma ba su kai 2 cikin 100 ba, domin injuna sun karɓe aikin. Yawancin mutane a zaune suke neman abincinsu, a ofis ko a kanti ko a bayan sitiyari. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. Unguwanni suka yi nisa da kasuwa da wurin aiki, har ya zama gida 9 cikin 10 yana da mota. Mutum yakan fita daga ɗaki ya shiga mota, ya sauka ya hau kujera, da yamma ya dawo ya zauna gaban talabijin. Sai rana ta fito ta faɗi bai yi gumi ba.

Abinci ma ya sake kama. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu masu suna McDonald, a jihar Kalifoniya, suka tsara gidan abincinsu yadda za a sallami mai saye nan take. Burodi ne da niƙaƙƙen nama a tsakiya, da soyayyen dankalin Turawa, da lemo. Daga 1955 wani ɗan kasuwa, Ray Kroc, ya yaɗa irin wannan gida a faɗin ƙasar. Yanzu mutum yakan tsaya da motarsa a bakin taga, a miƙo masa abinci, ya ci yana tuƙi. Abincin ga araha ga sauri, amma cike yake da mai da gishiri da sukari.

Babban abin lura shi ne lemon kwalba. An fara haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta a 1886, kuma shekaru da yawa 'yar ƙaramar kwalba ake sayarwa. Gorar da Ba'amurke ke ɗauka a kanti yanzu ta ninka waccan kwalba sau uku. Amurka ce ta fi kowace ƙasa noman masara, kuma daga masarar aka gano yadda za a tatso wani ruwan zaƙi mai araha. Zuwa 1984 manyan kamfanonin lemo na ƙasar sun koma amfani da shi. Zaƙi ya yi arha, sai sha ya ƙaru.

A nan sai kowa ya yi lissafi da kansa. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da sukari giram 39, wato kusan cokalin shayi 10. Babu mai hankalin da zai zuba cokali 10 a kofin koko ya shanye, amma a cikin lemo mai sanyi ba a jin nauyinsa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi masa. Ke nan lemo biyu sun riga sun ƙetare iyaka, ban da shayin safe.

To, ina aka kwana? A farkon shekarun 1960, kimanin mutum 13 cikin 100 na manyan Amurkawa ne ke da ƙibar da likitoci ke ɗauka cuta ce. A 'yan shekarun nan adadin ya kai kusan 40 cikin 100. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta 2021 ta nuna mutum fiye da miliyan 38 suna da ciwon suga, kuma kusan 1 cikin 5 daga cikinsu bai ma san yana da shi ba. Wannan ciwo yakan lalata ƙoda, ya makantar da ido, ya sa a yanke ƙafa. Ƙiba kuma takan jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai Amurkawa suna da wata ɗabi'a abar koyi: idan bincike ya nuna musu illa, sukan tashi tsaye. A 1964 babban likitan gwamnatinsu ya bayyana cewa sigari na haddasa kansar huhu. A lokacin mutum 42 cikin 100 na manya suna shan taba. Zuwa 2022 masu sha sun ragu zuwa kimanin 12 cikin 100. Haka kuma a 2014 mutanen garin Berkeley suka kaɗa ƙuri'ar sanya wa lemo haraji. Nijeriya ma, a dokar kuɗi ta 2021, ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Lemon kwalba ya riga ya shiga ƙauyuka, ya zama abin karrama baƙo da abin ado a biki da suna. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa ko da zuwa masallacin unguwa ne. Wasu har suna ganin teɓa alamar hutu ce. Bambancin kawai, Ba'amurke yana da asibiti a kusa, mutumin ƙauye kuwa in ƙodarsa ta lalace sai ya sayar da gona da shanu.

Saboda haka a riƙe waɗannan abubuwa. A mai da lemo abin sha jefi-jefi, kada a saba wa yara da shi. A rage sukari a shayi da zoɓo da kunun zaƙi. A riƙe tuwon dawa da gero, da wake, da zogale, da rama, da fura da nono. Wanda aikinsa na zama ne, kamar tela ko mai tireda, ya riƙa tafiyar rabin awa a ƙafa, kwana biyar a mako. Wanda kuma ya ga yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko yana rama ba dalili, ko ya ji ciwo ya ƙi warkewa, ya hanzarta zuwa asibiti a auna jininsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan jawabi. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya.