Ƙaurar Littafin Ciniki Zuwa Girgije: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Da Masu Ƙananan Kamfanoni



Alhazai, dattawan kasuwa, masu masana'antu, da ku akawuna da malaman sito da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa. An umurce ni in yi muku bayani a kan wani al'amari wanda sunansa ya fi shi kansa ban mamaki, watau ƙaurar da lissafin kamfani daga kwamfutar ofis zuwa abin da a ke kira girgije. Na sani da yawa daga cikinku an riga an zo muku da wannan magana. Wani saurayi mai jaka ya shigo shago, ya ce in ba ku koma girgije ba an bar ku a baya. To, ni ban zo tallar kayan kowa ba. Nufina in faɗa muku abin da ke ciki, da zaƙinsa da ɗacinsa, sa'an nan kowa ya koma ya auna da tasa kasuwa.

Da farko dai ku cire hadari da ruwan sama daga zukatanku. Babu wani lissafi da ke rataye a sararin samaniya. Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyi, waɗanda in za su zana taswirar wayoyin sadarwa, sai su yi siffar girgije a madadin duk abin da ke nesa da su. Abin da ke can kuwa gidaje ne manya manya a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci, da injunan sanyi, da janareto, da masu gadi dare da rana. Mai gidan ya kan ba ka hayar wuri a ciki. Manhajar da akawunka ya ke rubuta ciniki da ita, da lissafin haja, da na albashi, da wasiƙun kamfani, duk sai su zauna can, kai kuwa ka riƙa shiga ta intanet daga wayarka ko daga kowace kwamfuta, kana biyan haya wata wata.

Dattawan da ke nan za su gane wannan tun kafin in ƙare. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro ba su gina sito a kowane zango ba. Kowane falke yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya tsare masa kaya, ya karɓi la'adarsa. Falke ya huta da gini da gadi. Amma kuma ya san dukiyarsa ta kwana a ɗakin wani, saboda haka ba ya sauka gidan da bai bincika ba. Maganar girgije ke nan duka, sauran bayani ne.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda a ke zato. Tun 1999 a ka kafa kamfanin Salesforce na Amurka domin ba da hayar manhaja ta intanet. A 2006 kamfanin Amazon ya buɗe hayar ma'ajiya da hayar kwamfuta ga duk mai so, a 2011 kuma Microsoft ya fito da Office 365. Da fari gidajen duk suna Amurka da Turai da Asiya. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a 2020, Google kuma a 2024. A nan gida ma akwai kamfanonin da su ka gina irin waɗannan gidaje, yawancinsu a Ikko.

To, mene ne amfaninsa ga mai ma'aikata goma ko hamsin?

Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Ku tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a watan Agusta na 2022, da gobarar kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairu na 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumba na 2024. In irin wannan ta auku, Allah ya kiyaye, haja a ke fara ƙirgawa, don ita ido ya ke gani. Amma duk ɗan kasuwa ya san akwai asara ta biyu wadda ba a bugawa a jarida, ita ce ta littafin bashi. Mutum ya ba da kaya ga abokan ciniki ɗari biyu, daga Damagaram har Garwa, kuma shaidarsa ɗaya tak, littafi ne a aljihun tebur ko kwamfuta a ƙarƙashinsa. Wuta ta ci. Masu tsoron Allah za su zo da kansu su biya. Sauran fa? Kuma ko mai gaskiyar ma, ya ce dubu ɗari huɗu ne, kai kana tsammanin dubu ɗari shida, wa zai raba ku? Wanda lissafinsa ke girgije, in shagonsa ya ƙone yau, gobe zai ari wayar ɗansa ya buɗe, ya ga wanda ya ke bi da wanda ke binsa. Da wannan zai iya zuwa wurin masu ba shi kaya ya nemi lamuni ya sake tashi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin sauraron maganar.

Akwai sauran fa'idodi, amma ba sai na daɗe a kansu ba. Mai reshe a Kano da Kaduna da Jos zai ga cinikin rassan uku a littafi ɗaya tun kafin magariba. Mai gida yana Makka yana iya duba abin da ya fita daga sito. Kuma gyara da sabunta manhaja sun koma wuyan mai haya. Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. Tun ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da ya saba bayarwa, ga shi kuwa ofisoshi da yawa a kanta su ke har yanzu. Tsohuwar kwamfutar da ba a toshe mata kafa, ita ɓarayin intanet su ka fi so, su kulle bayanan da ke ciki, su ce sai an biya fansa.

Yanzu sai ɗacin, kuma a nan ne na ke so ku kasa kunne ƙwarai, don mai jaka ba zai faɗa muku ba.

Haya ba ta ƙarewa. Da can mutum ya kan sayi manhaja sau ɗaya ya yi shekara bakwai yana mora. A girgije kuwa kowane wata sai ka biya, kuma galibi bisa yawan ma'aikatan da ke shiga. Muhimmin abu shi ne, da wane kuɗi a ka yanka farashin? Mu yi misali, don gani ya kori ji. A ce hayar mutum ɗaya dala 10 ce a wata, kana da ma'aikata 10, watau dala 100. A watan Mayu na 2023, lokacin da dala ta ke wajen naira 460 a farashin hukuma, wannan naira 46,000 ne. Da a ka saki naira a watan Yuni na shekarar, ta yi ta faɗuwa, har a Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Hayar nan taka ta zama naira 150,000, alhali ba a ƙara maka ko kujera ɗaya ba, mai hayar kuma bai ƙara ko kwabo a farashinsa ba. Saboda haka ka tambaya tun ran farko ko za a rubuta maka farashi da naira, kuma na tsawon wane lokaci. Ka kuma ƙirga wanda lalle aikinsa ya ke bukatar shiga. Direba da maigadi ba sa bukatar kujera a littafin akanta.

Sa'an nan sai maganar waya. Lissafinka yana nesa, hanyar zuwa gare shi kuwa waya ce, wani sashenta ma a ƙarƙashin teku ya ke. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku su ka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har bankuna a nan Nijeriya su ka kasa yi wa mutane aiki yadda su ka saba. Ran 20 ga Oktoba 2025 kuma matsala ta sami gidajen Amazon da ke Birjiniya a Amurka, ayyuka masu yawa a duniya su ka tsaya na sa'o'i. Waɗannan manya ke nan. Ƙananan kuwa kun fi ni saninsu: an ɗauke wuta, ko masu gyaran hanya sun tsinke waya, ko sabis ya ɓace a tsakiyar kasuwa ran da ciniki ya fi zafi. Don haka duk manhajar da za ta zauna a teburin sayar da kaya, a gwada ta a gabanka, a kashe intanet, a ga ko za ta ci gaba da yanka rasit, ta aika daga baya in hanya ta buɗe. In ba ta iya ba, ba ta dace da shago ba, ko da ta dace da ofis. Ku kuma tanadi layuka biyu na kamfanoni dabam dabam, da littafin rasit na hannu a aljihun tebur. Ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce, to ai dai gidan fatoma ba ya ƙonewa. Yana ƙonewa. A daren 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a gidajen kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya taɓu, miliyoyin shafukan intanet su ka ɗauke. Waɗanda su ka ajiye kwafin bayanansu a wani gari sun dawo aiki cikin 'yan kwanaki. Waɗansu kuwa sai a ranar su ka gane asalin da kwafin duk a wuri ɗaya su ka kwana, su ka rasa kome. Abin da za ku ɗauka daga nan mai sauƙi ne. Ka tambayi mai haya a wane gari kwafinka ya ke, ya rubuta maka amsar a takardar yarjejeniya. Ban da haka, kowane ƙarshen wata a sauko maka da lissafinka duka cikin siffar da Excel zai iya buɗewa, a sa a ɗan faifai, ka tafi da shi gida. Wannan kwafin shi ne kuma ƙofar fitarka. Ran da mai haya ya tsawwala kuɗi, ko ya rufe kamfaninsa, wanda ke da lissafinsa a hannu sai ya yi sallama ya sake masauki. Wanda ba shi da shi kuwa sai yadda a ka yi da shi.

Ga maganar makulli kuma. Gidajen nan suna da tsaro wanda babu ɗayanmu da zai iya yi wa ofishinsa, amma ɓarawo ba ta katanga ya ke zuwa ba, ta hannun yaronka ya ke biyowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na sha ganin ofis inda mutum shida ke shiga da kalmar sirri ɗaya, an ma rubuta ta an manna a jikin bango. Kowane ma'aikaci a ba shi tasa, a ƙayyade masa abin da zai gani, a kuma sa mataki na biyu, watau lambar da a ke aikowa ta waya. Ran da a ka sallami ma'aikaci, a ranar a ke rufe ƙofarsa. Abu ɗaya kuma ina roƙonku, Alhazai: babban makulli ya kasance da sunan kamfani, a hannun mai kamfani. Kada a bar shi da sunan yaron da ya zo ya haɗa muku, kome kirkinsa. Yau kuna shiri, gobe Allah ne masani.

Doka ma tana da bakin magana. A watan Yuni na 2023 a ka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Sunayen abokan cinikinka da lambobin wayarsu da takardun albashin ma'aikatanka amana ce a wuyanka, kuma miƙa su ga mai haya bai sauke maka ita ba. In an sace su ta yadda zai iya cutar da masu su, dokar ta ce a sanar da hukumar cikin sa'a 72. Ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙasashen waje. Mai asibiti ko makaranta ko kantin magani, lalle ya nemi shawarar lauya kafin ya sa hannu.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai ƙaura, to, kada ya kwashe gidan a rana ɗaya. A fara da abin da in ya tsaya kasuwa ba za ta tsaya ba, kamar wasiƙu da ajiyar takardu. In hannu ya faɗa, sai a taɓa lissafin haja da na bashi, albashi kuwa a bar shi ƙarshe, don ma'aikaci ba ya yafe kuskure a kuɗinsa. Kafin a ɗauki littafi sai an share shi. In Alhaji Wane yana da suna uku a tsohuwar kwamfuta, a haɗe su, a daidaita da shi a kan abin da a ke binsa, in ba haka ba rikicin zai bi ku can. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon shekarar lissafi, bayan an ƙidaya kayan sito, kuma a guji gab da salla ko lokacin kaka. Sa'an nan a tafi da tsoho da sabo tare wata biyu ko uku, ana gwada jimlarsu kowane ƙarshen mako. Wahala ce, na sani, akawu zai yi gunaguni. Sai jimla ta zo daidai sau da yawa a jere kafin a kashe tsohuwar kwamfuta, kuma ko an kashe ta a adana ta.

Ba kowa ne ya kamata ya ƙaura ba. Mai tebur ɗaya wanda cinikinsa hannu da hannu ne, ba bashi, ba reshe, littafinsa da alƙalaminsa sun ishe shi, sai dai ya riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya. Haka mai masana'antar da injunanta ke aiki da wata manhaja ta musamman, ya bar ta inda ta ke, ya kai kwafi kaɗai.

Maganata ta ƙarshe a kan tsohon akawu ce. Shi ya san dalilin da ya sa a ke yi wa wane ragi, da wanda ba ya biya sai bayan kaka, da kayan da a ka rubuta da suna biyu. Wannan sani ba ya cikin kwamfuta, kuma ba zai hau waya ya tafi ba. Ku zaunar da shi kusa da mai haɗa muku sabuwar manhaja tun ran farko, ku biya kuɗin koya masa, ku sa shi ne zai sa hannu a kan jimlar da a ka gwada.

Yanzu mai tambaya sai ya miƙe ya faɗi irin sana'arsa da yawan ma'aikatansa, don amsar ta dace da shi.