Kasa-kasan Bidiyonmu Amana Ne: Jawabi a Taron Shekara



Da wuya a sami gida a unguwar nan da babu kwalin tsofaffin kasa-kasan bidiyo a ƙarƙashin gado. A ciki akwai ɗaurin aure da saukar karatu, akwai hawan Sallah na zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020. Da yawa daga dattawan da ke magana a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba mu da muryarsu a wani wuri.

Kamfanin JVC ya fito da tsarin VHS a 1976, kamfanin Funai na Japan kuwa, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar a 2016. Ke nan duk wadda za mu saya yau ta hannu ce. Shi kuma zaren kaset zafi da laimar damina na cinsa a hankali, ko da ba a kunna shi ba.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, a nemi na'urar da ke karanta tsarin PAL, wanda da shi ake aiki a Nijeriya. Kaset ɗin da 'yan'uwa suka aiko daga Amurka na NTSC ne, sai na'urar da ta haɗa biyun. Na biyu, a fifita mai kawuna huɗu ko shida da sautin Hi-Fi. In an dace da S-VHS mai TBC, abin da ke daidaita hoto mai rawa, to an yi sa'a. Na uku, mai gyara ya duba robobin cikinta, domin roba in ta tsufa ita ke sa na'ura ta tauna zare. Na huɗu, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Ni kaina na yi gaggawa, na'ura ta cinye mini kaset ɗin auren yayata, har yau ina takaici.

Kaset mai farar hunhuna kada a sa shi sai an tsabtace. A kuma ɓalle ɗan harshen da ke bayansa don kada a ɗauki wani abu a kansa bisa kuskure.

A ƙarshe, ina roƙon ƙungiya ta sayi na'ura mai kyau guda ɗaya, a juye kasa-kasan cikin kwamfuta, a ajiye kwafi biyu a gidaje daban. Kaset na awa uku awa uku yake ci wajen juyewa, don haka aikin na son haƙuri. Mazauna Kaduna, Abuja da Legas, in za ku zo Sallah ku taho da naku. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu.