Karatun kuɗi na tarihi da labarin ƙasa: me uba yake saye?



Batun wannan zama shi ne karatun da ake biya wa kuɗi bayan an tashi daga lakkol, wanda a garuruwan Nijar ake ce wa kur, a Najeriya kuma lesin. Za a dube shi ta fuskar fanni guda, wato tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa, darussan da ke koya wa ɗan kwaleji da ɗan lise yadda al'umma take zaune. Za a kuma auna shi da mudun karkara, mudun wuri irin Attantane, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, daura da ƙasar Tasawa, domin abin da ya yi daidai a Yamai ba lalle ne ya yi daidai a can ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon makarantar gwamnati ya fara tsagewa tun shekarun 1980, lokacin da kasuwar yuraniyom ta faɗi kuma aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka shata. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni suna bin gwamnati bashin albashi, yajin aikin malamai da na ɗalibai ya yi ta cinye shekarar karatu, sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen waɗannan shekaru kuma aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi, har suka zamo su ne mafi yawa a azuzuwa. A haka bukatu biyu suka gamu: malami yana neman cikon abin cefane, uba yana neman abin da zai tsare ɗansa daga faɗuwa jarrabawa.

Wannan al'amari bai tsaya ga Nijar ba. A 1999 wani masanin ilmi, Mark Bray, ya wallafa nazari a ƙarƙashin hukumar UNESCO inda ya kira irin wannan karatu inuwar makaranta, domin duk inda makaranta ta juya, nan yake juyawa. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, mutane suka ci gaba da yi a ɓoye, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ta hana kamfanoni cin riba da shi a manyan darussa a 2021. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne doka kaɗai ba ta kashe shi. Saboda haka tambayar da ta dace da ɗan kasuwa, wanda ba ya biyan kuɗi sai ya kwance bakin buhu ya gani, ita ce: mene ne ake sayar masa?

Idan uba ya ware kuɗin kur, lissafi ya fara tunawa, sai Faransanci, sai kimiyya. Tarihi da labarin ƙasa ana barin su a baya, a kan cewa karatun hadda ne, yaro zai iya shi kaɗai a ƙarƙashin fitila. Sai jarrabawa ta matso, ta BEPC bayan shekara 4 na kwaleji ko ta BAC bayan shekara 3 na lise, sa'an nan a ruga neman wanda zai yi wa yaro shiftar taƙaitattun darussa, ya haddace su kamar aku. Yaron zai iya jero sunaye da shekaru da Faransanci ba tuntuɓe, amma a tambaye shi dalilin abin da ya faɗa, sai ya yi shiru. Alhali kuwa mai gyaran takardar jarrabawa, musamman a sashen adabi na lise inda wannan fanni yake da nauyi, yana neman ɗalibin da zai karanta takarda ko taswira ya fayyace ta, ya kawo dalili, ya tsara hujja. Wanda ya sayi hadda ya sayi kayan da ba za su kai kasuwa ba.

Hasarar ba ta tsaya ga jarrabawa ba. Taron ƙasa da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, wanda ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, malamin tarihi ne ya shugabance shi, Farfesa André Salifou. Tun daga samun mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ƙasar nan ta ga jamhuriya 7, ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Ɗalibin da ke aji na ƙarshe na kwaleji yau, nan da ƴan shekaru za a zo neman goyon bayansa, a yi masa alkawari, a karanta masa doka, a ce ya zaɓa. In bai san bambancin mai yin doka da mai zartar da ita da mai shari'a ba, duk wanda ya fi ɗaga murya shi zai tafi da shi.

Haka abin yake a matakin ƙauye. Dokar 2002 ce ta kafa ƙananan hukumomi irin Attantane, aka yi zaɓensu na farko ranar 24 ga Yuli 2004, a watan Afrilu na 2024 kuma hukumomin soja suka rushe majalisunsu suka naɗa masu riƙo. Yaron da aka haifa a can ya kamata ya san inda harajin kasuwa yake tafiya, ya san aikin magajin gari da aikin sarkin gargajiya, ya san ƙofar da ake bugawa in an yi rikicin gona ko na burtali. Najeriya ta gwada cire tarihi daga darussan ƙananan makarantu a ƙarshen shekarun 2000, bayan shekaru ta ga illar abin ta maido shi. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya san abin da zai yi wa nasa.

Abin mamaki shi ne ɗan Attantane yana zaune a tsakiyar darasin da yake haddacewa. Littafi yana maganar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. To, faɗuwar Katsina a wajajen 1807 ita ce ta koro sarakunanta na asali zuwa arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsu a Maraɗi a wajajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Littafi yana maganar zuwan Turawa. To, rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, a ƙasar Tasawa ta ƙare: ranar 14 ga Yuli 1899 aka harbe Kanar Klobb a Dankori bisa umarnin Voulet, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka kashe su duka biyu a wajen Mai Jirgi, inda kaburburansu suke. Littafi yana maganar iyakoki. To, iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, Faransa da Ingila ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, babu bakin ko Bakatsine ɗaya a ciki.

Labarin ƙasa ma haka. Darasin hamada da zaizayar ƙasa yana nan a kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi, da goruba da kabar da mata ke saƙa tabarma da ita. Darasin tattalin arziki yana nan a tarihin gyaɗa, wadda ta gina dukiyar alhazan Maraɗi kafin farin 1973 da 1974 ya durƙusar da ita. Darasin kare muhalli yana nan a sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana yi musu aski, dabarar da ta bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980 har wasu ƙasashe suka zo koyo. Yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a wannan jiha, darasi ce a kan farashin hatsi da yawan jama'a da ƙarancin gona. Kuma duk ɗan kasuwar da ya ji jiki lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ya san labarin ƙasa fiye da yadda yake zato.

A nan ne karatun kuɗi zai iya yin amfani na gaskiya. Malamin aji yana da ɗalibai masu yawa, yana da tsarin darussa da dole ya ƙare kafin damina. Mai koyarwa bayan lakkol yana da abin da wancan ya rasa, wato lokaci da ƴan yara kaɗan. Aikinsa shi ne ya haɗa littafi da abin da yaro ya sani, ya fara bayani da Hausa har ma'ana ta zauna, sa'an nan ya koma Faransanci ya koya wa yaro tsara amsa. Dabarar ba baƙuwa ba ce: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zamo harsunan aiki. Ɗalibin da ya fahimci ma'anar mulkin mallaka da harshen uwarsa ba zai sha wuyar rubuta ta da harshen jarrabawa ba.

Sai dai akwai ramuka uku a kan wannan hanya. Na farko, malamin da ke karɓar kuɗi daga ɗaliban ajinsa. Ko yana da gaskiya, zargi zai bi shi, cewa yana rage darasi da safe domin ya sayar da cikon da yamma, ko yana fifita mai biya wajen ba da maki. Na biyu, ƴan mata. Uba da yawa ba zai bar ɗiyarsa ta tafi gidan malami da dare ba, kuma yana da hujja. Sakamakon shi ne namiji ya samu ƙari, mace ta rasa, a jihar da dama ƴan mata ke barin makaranta da wuri. Na uku kuma shi ne mafi zurfi: ma'aikaci yana da albashin wata, ɗan kasuwa yana da cinikin yau da gobe, amma manomin Attantane kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan kaka. Ɗansa, wanda sau da yawa yake zaune a gidan wani a Mayahi ko Tasawa domin karatu, yana ɗebo ruwa yana aike, shi ne zai zauna jarrabawa ɗaya da ɗan birni mai malamai uku. In aka bar abin haka, kwaleji za ta koma kasuwa, mai kuɗi ya wuce, talaka ya koma gona da takardar kora.

Mafita tana hannun mutanen da ke wannan zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimakon kowane uba ya ɗauki malaminsa, ƙungiyar uwayen yara da kwamitin kula da makaranta, wato COGES, suna iya shirya darasin ƙari na taro, a cikin ajin makaranta, da rana tsaka, maza da mata, da kuɗin da aka sanar a bainar jama'a, kuma a yarda manomi ya biya da hatsi lokacin kaka. A kafa sharaɗi cewa malami ba zai karɓi kuɗi daga ɗalibin da shi ne ke ba shi maki ba. Ƴan asalin yankin da ke aiki a Maraɗi da Yamai, da ƴan kasuwar da Allah ya buɗa wa, suna iya ɗaukar nauyin taswira da littattafai da kason marayu. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da ta Abdu Mumuni ta Yamai suna dawowa gida hutu. Ko da yake hutun yana faɗawa cikin aikin gona, sa'a biyu bayan la'asar ba za ta gagara ba. A kuma gayyaci dattawan gari da maroƙan da suka san jerin sarakuna, ɗalibai su saurare su, su gwada abin da suka ji da abin da ke littafi, domin tantance labari shi ne ainihin aikin mai tarihi.

Uban da bai yi boko ba kada ya ce ba shi da hanyar bincika abin da ya biya. Yana da tambaya uku. Ya ce wa yaro ya faɗa masa darasin yau da Hausa. Ya ce masa ya zana a ƙasa inda Mayahi take, da Tasawa, da Maraɗi, da Katsina, ya nuna ta ina iyaka ta bi. Sa'an nan ya tambaye shi: don me abin ya faru haka? In wata ya cika yaro bai iya amsa ko ɗaya ba, to kuɗin sun tafi a banza, sai a sake malami ko a sake tsari.

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar tsarin ilmi ta 1 ga Yuni 1998 ta tabbatar da cewa ilmi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. Uwayen da ke biyan kuɗin kur su ne masu biyan haraji, saboda haka suna da bakin tambayar ko an turo malamin tarihi kwalejin ƙauyensu, ko an biya shi a kan lokaci, ko akwai taswirar Nijar a bangon aji. Ɗalibin da aka koya wa tarihi da tarbiyyar ɗan ƙasa yadda ya kamata, shi ne zai gaji wannan tambaya, ya san ofishin da zai kai ta da dokar da zai dogara da ita.

Allah ya yi wa yara albarka, ya ba malamai haƙuri da riƙon amana, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalamu alaikum.