Tiramol ba ya warkar da ciwon baya

Ga jawabin da wani likita ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci a garin Diffa.



Noman tattasai a bakin Komadugu aikin duƙe ne. Daga dashe har tsinka, manomi bai miƙewa. Ga ban ruwa, ga ɗaukar buhu. Da yamma baya ya ɗauki ciwo, sai yaro ya je wurin mai tebur ya sayo tiramol. Haka ake yi a Diffa, haka ake yi a Geskeru da Shetimari.

Tiramol ba ya gyara baya. Rufe ciwon yake yi. Mutum ya ji garau, ya ƙara aikin da ya fi ƙarfinsa. Yau ƙwaya ɗaya, wata mai zuwa uku. Wanda ya sha da yawa yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, har a ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, ƙwaya ce. Wani ma numfashinsa yake tsayawa.

Likitoci sun bincika wannan magana. A ƙasar Ostareliya an tara mutum 347 masu sabon ciwon baya ko na wuya. An raba su kashi biyu. Kashi ɗaya an ba su magani dangin tiramol, wanda ya fi shi ƙarfi. Kashi ɗaya an ba su ƙwayar da babu magani cikinta, ba su sani ba. Bayan sati 6 aka auna ciwon: babu bambanci. Bayan shekara guda, waɗanda suka sha ƙwayar banza sun ɗan fi sauƙi ma. An bayyana wannan a 2023. A ƙarshen shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa ba mai daɗaɗɗen ciwon baya irin waɗannan ƙwayoyi. Ta ce motsa jiki ya fi.

Yawancin ciwon baya yana sauƙi da kansa cikin ƴan makonni. Kada mutum ya kwanta kwana da kwanaki. Ya yi tafiya, ya rage kaya. In zai ɗaga buhu, ya durƙusa da gwiwa, kada ya sunkuya.

Amma akwai ciwon da ba a jira da shi. In ƙafa ta mutu, ko fitsari yana zuba ba da sanin mutum ba, ko ya tsaya cik, jijiyar cikin ƙashin baya ce ta matsu. Ranar nan a tafi asibiti. Haka ciwon kai mai ƙaruwa kullum, da amai da safe, da gani dishi-dishi, ko babba ya soma farfaɗiya. Wani lokaci ƙari ne ya fito cikin kai. Tiramol sai ya ɓoye shi yana girma.

Irin wannan aiki likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiya suke yinsa, a babban asibitin Damagaram da na Yamai. Yamai ta fi kilomita 1300 daga nan, ga kuɗin mota. Shi ya sa ake farawa da likitan ƙauye, shi ya rubuta takarda zuwa asibitin jihar Diffa. Mai shan tiramol ya faɗa wa likita ƙwaya nawa yake sha a yini, kada ya ji kunya. Wanda ya saba da ita, da sannu ake rage masa, ba rana ɗaya ba.